Amai a cikin mota: shirinsa tun daga gida ake yi



Kaka ta yi, an ɗaure hatsi, wake da gujiya sun shiga buhu. Yanzu ne lokacin tafiye-tafiye. Wani zai kai kaya kasuwar Maradi, wata za ta biki Tawa, samari kuwa sun fara shirin cin rani. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. Wanda mota take sa shi amai, shi ya san tsawon wannan hanya.

Wata shekara na raka manoman wani kwaparatif daga Maradi zuwa Galmi, domin su ga yadda ake noman albasa. Cikinmu akwai wani dattijo, manomi na ƙwarai. Tun ba mu kai Gidan Rumji ba ya fara hamma, zufa mai sanyi ta karyo masa, daga nan sai amai. Da muka isa, abokansa suna zagaya garake suna tambaye-tambaye, shi kuwa yana kwance gindin bedi. Da yamma ya ce mini: "Malamin gona, daga yau ni da mota sai kallo." Ya sha wahala, bai ga abin da ya kai shi ba. Irinsa suna da yawa. Akwai mai sayar da kayansa a ƙofar gida da araha don tsoron mota, akwai mai jinkirin kai ɗanta likita. Ga shi kuwa abin yana da magani.

Me ke kawo shi?

Ba ragwantaka ba ce, ba kuma sammu ba ne. Can cikin kunnen mutum akwai wasu ƴan bututu masu ruwa, su ne suke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki yana tsaye ko yana motsi. In kana cikin mota ka sunkuyar da kai, idonka yana cewa kana zaune wuri guda, kunnenka yana cewa ana jijjiga ka. Labari biyu ya saɓa, ƙwaƙwalwa ta rikice, sai jiri, sai tashin zuciya. Shi ya sa da wuya ka ga direba yana amai: idonsa yana kan hanya, ya san kwana kafin ta zo. Abin ya fi kama yara masu shekara 2 zuwa 12, da mata masu ciki. Jarirai ba su cika yin sa ba.

Dabarun da ba su cin kuɗi

1. Ku yi sammako tasha, ku samu wuri a gaba ko tsakiyar mota. Baya ya fi jijjiga.
2. Ku fuskanci inda motar ta dosa, ku sa ido can nesa. Kada ku yi karatu, kada ku duba salula.
3. Ku jingina kai kada ya riƙa lilo. In ba ku ganin hanya, ku rufe ido.
4. Ku ci abu kaɗan marar maiƙo kafin tashi. Ciki wayam ba shi da kyau, cika shi da tuwo da soye ma haka.
5. Ku nemi iska, ku nisanci hayaƙin taba da warin mai.
6. Ku riƙe citta a aljihu. Tana kwantar wa waɗansu da zuciya, a tauna ko a dafa a sha.

Maganin farmasi

Ƙwayar da aka fi sani sunanta dimenidirinat. A kwali za ku ga Nausicalm, Mercalm ko Dramamine. Ƴar uwarta ita ce Nautamine. A Amurka aka gano amfaninta: likitoci biyu na birnin Baltimore, Gay da Carliner, sun gwada ta a 1948 kan sojojin da ke ƙetare teku zuwa Jamus cikin jirgin ruwa, aka ga ta hana su amai.

Ga abin da nake so ku riƙe: ana shan ta minti 30 zuwa awa 1 kafin mota ta tashi. In an bari sai amai ya fara, ƙwayar ba ta zama a ciki balle ta yi aiki. Rigakafi ya fi magani. Babba yana shan miligiram 50 zuwa 100. Na yaro, mai farmasi ko malamin likita ne zai auna. Yaron da bai kai shekara 2 ba, ba a ba shi sam.

Waɗannan ƙwayoyi suna sa barci da bushewar baki. Saboda haka direba da mai babur kada su sha, kuma ba a haɗa su da giya ko maganin barci. Mace mai ciki ko mai goyo, da tsoho mai wahalar fitsari, da mai ciwon hawan jinin ido, su tambayi likita tukuna. Ku saya a farmasi. Ƙwayar da ta yini a rana bisa tebur, ba kwali ba kwanan wata, ba ku san abin da kuke haɗiya ba.

Don doguwar tafiya akwai wani na mannawa a bayan kunne, Scopoderm, mai aiki har kwana 3. Ana manna shi awoyi kafin tashi, na manya ne, kuma sai da takardar likita. Sinadarinsa yana cikin tsire-tsire irin zaƙami, amma an auna shi ɗan mitsitsi. Kada wani ya ji haka ya je ya jiƙa zaƙami. Kun san ba banza ake ce masa haukata-yaro ba. Yana iya kisa.

Ba kowane amai ba ne na mota

Nan ne aikina na gona ya shigo. Da yawanku kuna hawa kamiyo bisa buhunan wake. In an sa musu ƙwayar Phostoxin, iskar da take fitarwa guba ce. Haka ma maganin feshi in ya zube cikin kaya. Alamun farko sun yi kama da na mota: ciwon kai, jiri, amai. Amma in ƙirji ya ɗaure, numfashi ya yi wuya, ko mutane da yawa suka fara tare, a tsai da mota, a fita cikin iska, a nufi likita mafi kusa. Kada a zauna ko a kwana bisa buhun da aka sa wa magani.

Aman mota yana lafawa bayan an sauka an huta. In ya zarce har gobe, ko ya zo da zazzaɓi ko zawo, wata cuta ce, a je a auna. Wanda ya yi amai da yawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Dattijon nan na Galmi, da za mu koma na zaunar da shi kusa da direba, ya sha ƙwaya tun muna sallar asuba. Barci ya yi har Maradi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi. Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya.