Jini A Bakin Asuwaki

Ya kai mai karatu, idan ka yi asuwaki da safe ka ga jini a bakin itacen, kada ka ce ƙarfin hannu ne ya yi yawa. Dasashi mai lafiya ba ya zub da jini don an goge shi. Wannan jini shi ne farkon ciwon dasashi, wanda ya ke zubar wa mutum haƙora ko da babu kogo a jikinsu.

Ga asalinsa. Kowace rana wata dauɗa mai yauƙi ta kan taru a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da nama. Cikinta akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. In an bar ta, sai dasashi ya kumbura, ya yi ja, baki ya riƙa wari. A shekarar 1965 wani likita mai suna Harald Löe ya gwada abin a ƙasar Denmark. Ya sa waɗansu masu lafiyar baki suka daina goge haƙora, cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, kamar mako guda sai suka warke. Watau a wannan mataki maganin yana hannunka.

Amma in aka daɗe, dauɗar nan ta kan daskare ta yi tauri kamar dutse, asuwaki ba ya iya fid da ita. Sa'an nan ciwon ya gangara ƙasa, ya ci ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori, kamar yadda ruwa ke zaizaye gindin katanga. Haƙori ya yi tsawo, ya soma girgiɗi, mugunya ta fito. Mugun abin shi ne ba ya cika zafi ba, don haka mutum ya kan yi shekaru bai kula ba. Ƙashin da ya tafi kuwa ba ya dawowa da kansa. Abin da likitan haƙori zai yi shi ne ya kankare dutsen nan da ƙarfensa, ya tsai da ɓarnar inda ta kai. Mutumin Kongolam ba shi da uzuri a nan, gama motar da ke kai shi kasuwar Mai'aduwa ita ce ke wucewa Daura, inda akwai asibiti.

Asuwakin kakanninmu, na marke ko na darbejiya, yana aiki sosai in an iya shi. Tauna bakinsa ya yi laushi, ka bi haƙora ɗaya ɗaya, waje da ciki, har na ƙurya, safe da dare kafin barci. Yawancinmu na gaba kaɗai mu ke gogewa, domin su mutane ke gani. In kana da buroshi da man goge baki, ya yi kyau ƙwarai. Kada ganin jini ya sa ka daina, a hankali za ka ci gaba. Kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri yana rage kumburi, amma kada ka kuskura ka sa ruwan batir. Mai shan taba da mai ciwon sukari su ciwon ya fi yi wa ɓarna, tabar ma har ɓoye jinin ta ke yi.

Saura maganar yara, ita ce ta fi nauyi. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 wanda bai ƙoshi ba, ko ya tashi daga ƙyanda, gyambon dasashinsa ya kan rikiɗe ya zama cutar noma, mai cin kumatu da leɓe cikin 'yan kwanaki. Yawancin waɗanda ba a yi wa magani ba su kan mutu. Saboda ita aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, a 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. In an kama ta da wuri, maganin ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau su kan tsai da ita. Saboda haka ka riƙa buɗe bakin ɗanka kana dubawa. In ka ga gyambo da wari, ko kumatu ya kumbura, ka kai shi asibiti ran nan, kada ka jira ranar kasuwa.