Cinikin Daren Asabar

Da misalin ƙarfe 7:45 na daren Asabar, 27 ga Oktoba 1962, jakadan Tarayyar Sobiyet a Amurka, Anatoly Dobrynin, ya shiga ofishin Ministan Shari'a a birnin Washinton. Mai ofishin ne ya aika a kira shi, wato Robert Kennedy, ƙanen Shugaba John Kennedy. Su biyu suka zauna, suka yi magana, suka rabu ba tare da kowa ya sa hannu a takarda ba. Abin da suka ƙulla a wannan zama yana cikin abubuwan da suka janye duniya daga bakin yaƙin nukiliya, amma gwamnatin Amurka ta shafe shekara da shekaru tana rantsuwa cewa ba a ƙulla komai ba.

Tushen maganar yana Turkiyya. A 1959, zamanin Shugaba Eisenhower, Amurka ta daidaita da ƙawayenta na ƙungiyar NATO cewa za ta girke makamai masu linzami samfurin Jupiter, 30 a Italiya, 15 a Turkiyya kusa da birnin Izmir. Kowanne yana ɗauke da bom na nukiliya, kuma daga Turkiyya zuwa Mosko tafiyar mintoci ce. Shugaban Sobiyet Nikita Khrushchev yakan je hutu bakin Bahar Aswad, ya san a tsallaken ruwan akwai makaman da aka saita ƙasarsa da su, abin kuma yana ci masa rai. Ga kuma Kyuba. A watan Afrilun 1961 Amurka ta tura 'yan gudun hijirar Kyuba da ta horar su je su kifar da gwamnatin Fidel Castro, aka fatattake su cikin kwana uku, amma kowa ya san Washinton ba ta haƙura ba. Sai Khrushchev ya yanke shawarar kare abokinsa, ya kuma ɗanɗana wa Amurka abin da take ɗanɗana masa. Cikin damina ta 1962 jiragen ruwan Sobiyet suka yi ta jigila a ɓoye, suka sauke sojoji sama da 40,000 da makamai masu linzami 42 a tsibirin da bai fi kilomita 150 daga gaɓar Florida ba. Sojojin sanye suke da kayan gida, ana cewa ƙwararru ne kan aikin gona.

Ranar 14 ga Oktoba wani jirgin leƙen asirin Amurka samfurin U-2 ya ɗauko hotunan sansanonin. Ranar 16 aka kai wa Kennedy labari, ya tara manyan mashawartansa, suka shiga zaman da ya ɗauki kwana 13. Hafsoshin soja suna son a yi ruwan bama-bamai a kan sansanonin, a biyo da mamaya. Shugaban rundunar sama, Janar Curtis LeMay, ya faɗa wa shugaban ƙasa baki da baki cewa tsayawa a datse hanyar teku kawai kusan ɗaya ne da abin da aka yi a Munik. Ya san inda ya soka. A Munik ne a 1938 Firayim Ministan Ingila Chamberlain ya miƙa wa Hitler wani yanki na Chekoslobakiya don neman zaman lafiya, shekara ɗaya bayan haka yaƙi ya ɓarke, kuma mahaifin Kennedy, wanda yake jakadan Amurka a Landan a lokacin, yana cikin masu goyon bayan wannan lallashi. Tun daga nan kalmar sassauci ta zama abin kunya a siyasar Amurka. Da jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Adlai Stevenson, ya kawo shawara ranar 20 ga wata cewa a yi tayin cire makaman Turkiyya, har ma da barin sansanin Guwantanamo, sai aka yi masa ca. Ranar 22 Kennedy ya fito a talabijin ya sanar da duniya abin da ke Kyuba, ya ce jiragen yaƙin Amurka za su tare duk jirgin da ya ɗauko makamai.

Daren Juma'a 26 ga wata doguwar wasiƙa ta iso daga Khrushchev, wadda ta kwashe kusan awa 12 kafin ta gama isowa ta waya. Wasiƙar mutum ce da hankalinsa ya tashi. Ya kwatanta kansa da Kennedy da mutum biyu masu jan igiyar da aka ƙulle a tsakiya, kowa ya ƙara ja ƙullin ya ƙara tamkewa. Tayinsa mai sauƙi ne: Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kyuba ba, shi kuma ya kwashe makamansa. Mutanen Fadar White House suka kwana da ɗan kwanciyar rai.

Gari na wayewa komai ya dagule. Rediyon Mosko ya karanta wasiƙa ta biyu a bainar jama'a, mai ɗauke da sabon sharaɗi: sai Amurka ta cire makamanta na Turkiyya. Kafin azahar sojojin Sobiyet da ke Kyuba suka harbo jirgin U-2, matuƙinsa Manjo Rudolf Anderson ya mutu. Wani U-2 ɗin ya ɓace hanya ya kutsa sararin samaniyar Sobiyet ta can gabas mai nisa, jiragen yaƙi suka tashi bin sa. A teku kuma jiragen Amurka suna jefa ƙananan bama-baman gargaɗi a kan wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Sobiyet mai lamba B-59, ba su san yana ɗauke da makamin nukiliya ba. Shi kuwa Castro ya riga ya aika wa Khrushchev saƙo cewa idan Amurka ta mamaye Kyuba, kada Sobiyet ta bari a riga ta harba nukiliya.

Kennedy yana naɗar muryoyin zaman a asirce, don haka yau an san abin da kowa ya faɗa. Faifan ranar Asabar ya nuna shugaban ƙasa kusan shi kaɗai a gefe guda. Ya yi ta maimaita cewa duk mai hankali da ya ji tayin Khrushchev zai ce ciniki ne na adalci, kuma ba zai iya kare kansa ba idan ya jefa duniya cikin yaƙi saboda makaman da kowa a ɗakin ya yarda sun tsufa. Gaskiya ce kuwa. Jupiter a tsaye suke a fili, sai an ɗauki lokaci ana ɗura musu mai kafin a harba, maharbi da bindiga ma zai iya lalata su. Amma mashawartan suna da tasu hujjar. McGeorge Bundy, mai ba shi shawara kan tsaro, ya yi gargaɗin cewa idan aka ga Amurka ta sayar da tsaron Turkiyya don ta sayi nata, babu ƙasar NATO da za ta sake yarda da alkawarinta. Turkawa ma sun ɗauki makaman a matsayin shaidar cewa Amurka tana tare da su, sun kuma riga sun ƙi a taɓa su. Ga zaɓen 'yan majalisa saura kwana 10.

A babban zaman aka tsaya a kan cewa za a amsa wasiƙar Juma'a, a karɓi tayinta, a kau da kai daga ta Asabar. Amma da aka tashi, Kennedy ya ja mutum takwas zuwa ofishinsa: ƙanensa, Sakataren Harkokin Waje Dean Rusk, Sakataren Tsaro Robert McNamara, Bundy, George Ball, Roswell Gilpatric, Llewellyn Thompson da Theodore Sorensen. A nan Rusk ya kawo dabarar. A gaya wa Sobiyet cewa za a cire makaman Turkiyya bayan rikici ya lafa, amma ba a matsayin yarjejeniya ba, kuma idan suka fasa maganar a waje, alkawari ya tashi. Su tara suka yi wa juna alkawarin kama baki. Ko Mataimakin Shugaban Ƙasa Lyndon Johnson ba a gaya masa ba.

Wannan saƙo Robert Kennedy ya isar wa Dobrynin. Ya nuna masa cewa lokaci ya ƙure, an kashe musu matuƙi, hafsoshi suna matsa lamba, ana buƙatar amsa gobe. Da jakadan ya tambayi batun Turkiyya, sai ya ce yayansa bai ga wani abin da zai hana ba, amma shawarar girke makaman ta NATO ce, sanar da cire su a yanzu zai wargaza ƙungiyar. A ba su wata huɗu zuwa biyar. A takarda dai kada a nemi komai.

Shugaban ƙasa bai tsaya nan ba. Shekara 25 bayan haka Rusk ya bayyana cewa a daren, da amincewar shugaban, ya buga wa Andrew Cordier waya, tsohon babban jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya, ya karanta masa wata sanarwa da za a miƙa wa Muƙaddashin Sakatare Janar U Thant idan an ba da umarni. Sanarwar kira ce ga ɓangarorin biyu su cire makaman Kyuba da na Turkiyya tare, don Kennedy ya samu hanyar amsa cinikin a fili ba tare da an ce Mosko ce ta tilasta masa ba. Ba a kai ga amfani da ita ba.

Ranar Lahadi 28 ga wata Khrushchev ya tara manyan jam'iyya a wani gidan gwamnati da ke wajen Mosko. Bayanan zaman sun nuna ya riga ya karkata ga janyewa kafin a karanta masa rahoton Dobrynin, rahoton ya ƙara masa gaggawa ne, ya kuma ba shi abin riƙewa. Saboda tsoron jinkirin waya, aka garzaya da amsar gidan rediyo, aka karanta ta da misalin ƙarfe 9 na safe agogon Washinton: za a kwance makaman a mayar da su gida. Ko kalma ɗaya kan Turkiyya babu a ciki.

Khrushchev ya so ya samu shaida ko da a aljihu ne. Ya aika wata wasiƙa ta sirri da ta ambaci alkawarin, Dobrynin ya miƙa wa Robert Kennedy ranar 29. Washegari Robert ya mayar masa da ita, ya ce ba za su karɓi takarda irin wannan ba. A rahoton da jakadan ya aika gida ya ce Robert ya faɗa masa cewa wata rana shi ma yana iya neman shugabancin ƙasa, kuma takardar za ta iya kashe masa kasuwa. Khrushchev ya haɗiye. Amurka ta cika alkawari: kafin ƙarshen Afrilun 1963 an kwance Jupiter na Turkiyya da na Italiya, aka ce sabunta makamai ake yi, jiragen ƙarƙashin ruwa masu ɗauke da makaman Polaris suka maye gurbinsu a Bahar Rum.

Daga nan sai biyan kuɗin sirri, wanda bai faɗa kan kowa daidai ba. A watan Disamba 1962 mujallar Saturday Evening Post ta buga labarin da ya zargi Stevenson da neman maimaita Munik, ɗaya daga cikin marubutan kuwa aminin Kennedy ne. Aka zubar da mutuncin mutumin da ya faɗi a fili wani ɓangare na abin da shugaban ya aikata a ɓoye. A farkon 1963 McNamara da Rusk suka shaida wa 'yan majalisa cewa babu wani ciniki. Castro kuwa ba a ko shawarce shi ba, a labarai ya ji an gama magana a kan ƙasarsa. Ya fusata, ya hana sufetocin Majalisar Ɗinkin Duniya shiga, sai a teku aka riƙa yaye rufin makaman jiragen Amurka suna ƙirgawa. Sin ta yi ta yi wa Mosko gorin miƙa wuya.

Wanda ya fi kowa biya shi ne Khrushchev. Ya samo alkawarin barin Kyuba, ya samo cire makaman da suka hana shi barci, amma rabi kawai aka yarje masa ya nuna. Duniya ta ga jiragensa sun juya da kaya, ba ta ga abin da ya karɓa ba. A watan Oktoba 1964 abokan aikinsa suka tumɓuke shi, kuma kasadar Kyuba tana cikin laifuffukan da suka tara masa. Kennedy an riga an kashe shi a Nuwamban 1963, yana da sunan jarumin da ya tsaya ƙyam. Kafin nan su biyun sun ci ribar amanar da suka gwada a tsakaninsu: a Yunin 1963 aka amince da layin sadarwa kai tsaye tsakanin Washinton da Mosko, a Agusta aka sa hannu kan hana gwajin nukiliya a sama da sararin samaniya da ƙarƙashin ruwa.

Gaskiya ta riƙa ɓullowa kaɗan-kaɗan, har zuwa Janairun 1989, lokacin da tsofaffin jami'an ƙasashen uku suka haɗu a Mosko. Dobrynin ya ƙalubalanci Amurkawa su faɗi abin da ya faru. Sorensen ya amsa cewa shi ne ya tace littafin Robert Kennedy kan rikicin, wanda ya fito a 1969 bayan an kashe marubucin, kuma shi ya goge inda aka faɗi ƙarara cewa Turkiyya tana cikin cinikin. A wani taron a Habana a 1992 aka ji abin da ya fi wannan tayar da hankali: sojojin Sobiyet a Kyuba suna da ƙananan makaman nukiliya na fagen daga, waɗanda Washinton ba ta san sun iso ba. Da an bi shawarar hafsoshi an yi mamaya, da su za a tarar a bakin gaɓa.

Bundy da kansa ya amince daga baya cewa ɓoyewar ta yaudari abokan aiki da 'yan ƙasa da magada da ƙawaye. Shugabannin da suka biyo baya, har da Johnson wanda ya gaji kujerar ya kuma zurfafa yaƙin Biyetnam, sun tashi da karatun cewa a 1962 taurin kai ne ya yi nasara. Alhali ba ni gishiri in ba ka manda aka yi. Kennedy ya saki makaman da ba su da amfani a wurinsa, Khrushchev ya saki nasa makaman, ya ɗora da haƙƙinsa na faɗin abin da ya samu, don abokin cinikinsa ya iya cika alkawari bai faɗi a gida ba. Wannan rangwame na biyu shi ya sa cinikin ya yiwu, shi ne kuma ya sa aka yi shekara 26 ana koya wa masu mulki darasin da bai faru ba.