ƘURAR INJIN GOGE KATAKO: MADARA BA TA WANKE HUHU



'Yan uwa masu bibiyar wannan zaure, Allah Ya ƙara mana lafiya. Yau ba tsiro ko sassaƙe na zo da shi ba. Kaka ta yi, an sayar da gyaɗa da wake, an fara sa ranakun biki. Daga Bichi zuwa Ɗambatta da Kunci duk shagon kafintan da ka leƙa za ka tarar ana haɗa gado da kujerun amare har dare. Galibin yaran da ke riƙe da injin goge katako a shagunan nan 'ya'yanmu ne da muka kai koyon sana'a.

Abin da ya sa na ɗauko maganar: kwanakin baya wani matashi ya zo wurina, tari ya hana shi barci, ƙirjinsa na ƙugi kamar an shaƙe kaza. Na ce mene ne sana'arka? Ya ce shi ke goge katako a shagon maigidansa, shekara huɗu ke nan. Na ce da me kake rufe hanci? Ya yi dariya, ya ce, "Malam, ai kullum in an tashi ina shan madara gwangwani ɗaya, tana wanke ƙurar."

To jama'a, ku saurara. Madara hanyar ciki take bi, ƙura kuwa hanyar numfashi, ba sa haɗuwa. Haka zuma, haka citta da kanumfari. Suna sanyaya maƙogwaro, suna rage kaikayin tari, ni ma ina bayar da su. Amma shekara arba'in ina wannan harka ban san wani ganye ko saiwa da ke shiga huhu ya kwaso ƙurar da ta zauna ba. Duk wanda ya ce yana da shi, kuɗinka yake so.

Da can da hannu ake goga da samfefa, garin ya zuba ƙasa. Yanzu inji ne. Da yawa ma giranda ta masu walda ake ɗaura wa faifan samfefa, ita kuwa ƙaramar tana juyi wajen sau 11,000 a minti ɗaya. Garin da take fitarwa ya fi garin tuwo laushi nesa ba kusa ba. Mai kaurin da kake gani a gira da gemu, hanci na tare yawancinsa. Wanda ido ba ya gani sai hasken rana ya ratso ta taga, shi ne ke wucewa can ciki, kuma yana daɗewa yana yawo a iskar shago bayan an kashe inji. Daga nan ake samun mura mai naci, da jan ido, da asma. Katako mai tauri irin maɗaci da iroko an san ƙurarsa da tayar da asma. Allunan MDF da ake sarowa a 'Yan Katako ta Na'ibawa kuwa garin itace ne aka danne da gam, ka ga mai gogewa yana shaƙar itace da sinadarin gam a tare.

Akwai wanda ya fi wannan. A shekarun 1960 likitoci a Ingila suka lura wata cutar daji ta cikin hanci, wadda ba kasafai ake ganinta ba, ta yi yawa a tsakanin masu haɗa kujeru na garin High Wycombe. A 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji ga ɗan Adam. Ba kowa take kamawa ba, kuma sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. Amma yaron da ya fara yana ɗan sha biyar, ai yana da shekarun a gabansa.

Me za a yi? Na farko, a fitar da aikin guga waje ko bakin ƙofa, mai aiki ya tsaya iska na bugun bayansa tana kore ƙurar gaba. In injin na da 'yar jakar tara ƙura, kada a cire ta, a riƙa zazzage ta. A sa takunkumi mai lamba N95 ko FFP2, a matse ƙarfen kan hanci sosai. Shuɗin nan na asibiti da ƙyallen da ake naɗawa, ko an jiƙa shi, ba sa tare mai laushin. In an tashi a yayyafa ruwa kafin shara, kada a bi shago da busasshiyar tsintsiya, kada kuma a hure jiki da iskar injin fenti.

Sai ido. Tabarau mai rufe gefe ake sawa, ba na kwalliya ba. In wani abu ya faɗa, kada a murza, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta. Kwalli, zuma, ruwan albasa, nonon mai shayarwa, duk kada a ɗiga. In ya kafe, musamman ɓarɓashin ƙarfe, a nufi asibiti a ranar, kada a ce wani ya ciro shi da tsinke ko harshe.

Wutarmu kun san halinta. A ɗauke yaro na tsakiyar aiki, ya ajiye inji a kunne ya tafi salla, a dawo da ita inji ya zabura a kan teburi. Saboda haka da an ɗauke a kashe, kuma ba a canza samfefa sai an zare waya daga soket. Wayar da ta sale, ko wadda aka cusa a soket tsirara da tsinken ashana, a gyara ta. A naɗe hannun riga, a ajiye babbar riga da carbi, abin da ke juyawa ba ya tambaya. A daure katakon da ƙarfen matsi a riƙe inji hannu biyu, ba ƙaramin yaro ya danne da tafinsa ba. Faifan da ya tsage a yar. Kuma kada a goge ƙarfe kusa da tarin garin katako, ko tina, ko jarkar man janareta, tartsatsi ɗaya ya isa. Ƙara ma tana cin kunne a hankali: in sai ka ɗaga murya na kusa da kai ke ji, a nemi abin toshe kunne.

Yanzu ga wadda ta shafi cikin gida, iyaye mata ku ji da kyau. Ba mu manta da Zamfara ba. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu da gubar dalma. Dutsen zinariya ake niƙawa a cikin gari da gidaje, ƙurar ta zauna a tsakar gida da tufafi, yara na rarrafe suna kai hannu baki. Tsohon fentin mai na ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe yakan ƙunshi dalma, in aka sa masa inji ya zama gari. Ba na cewa yawanta ya kai na Zamfara, amma hanyar shigarta jikin yaro ɗaya ce, kuma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwa. In ka kira mai gyara zai sabunta tsohuwar ƙofa, a ciro ta a kai nesa da yara da masu ciki da tukunyar abinci, a goge da hannu ana jiƙawa. Mai wannan sana'a ya ware kayan aiki ya bar su a shago, ya wanke hannu da fuska kafin cin abinci, kada ya shigo ya ɗauki jariri da rigar aiki. In an kawo wanki a wanke su daban, kada a kakkaɓe a tsakar gida.

Masu shago, yaran nan amana ce a hannunku. Kuɗin takunkumi da tabarau a cikin kuɗin gadon ya kamata ya fito, ba a aljihun yaro ba. Uba kuma ya taka ya je shagon da kansa ya ga yadda ɗansa ke aiki, ba kunya a ciki.

Shi wancan matashi na ba shi abin da zai sassauta masa maƙogwaro, na ce gobe ya wuce babban asibiti. Tarin da ya kai mako biyu, ko da jini, ko da rama da zufar dare, a je a gwada majina, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. In kuma numfashi na sauƙi ranar da ba a je shago ba, ya dawo da an koma aiki, a gaya wa likita haka, a kuma faɗa masa irin katakon da ake gogewa.

A tura wa duk mai ɗa ko ƙane a shagon kafinta.