Ladan Hidimar Ƙasa da Kuɗin Jami'a a Amurka

Tun daga 1993, lokacin da Shugaba Bill Clinton ya rattaba hannu kan dokar da ta kafa shirin AmeriCorps, ɗan Amurka da ya yi aikin sa kai a ƙarƙashin shirin a makarantu ko wuraren da bala'i ya afka wa yana samun tallafin karatu da ake kira Segal, sunan jagoran shirin na farko. Wanda ya cika sa'o'i 1,700 cikin shekara guda yana samun adadin da ya yi daidai da ƙololuwar tallafin Pell, wato agajin gwamnatin tarayya ga ɗalibai marasa ƙarfi, wanda ya kai dala 7,395 a zangon karatu na 2023 zuwa 2024.

Kuɗin ba sa shiga hannun mai hidimar, domin kai tsaye ake tura su ga makarantarsa ko ga masu binsa bashin karatu, kuma wa'adin amfani da su shekara 7 ne. Abin takaicin shi ne ana biyan haraji a kansu a shekarar da aka kashe su, lamarin da ke nauyaya wa talaka, shi ya sa wasu ke rarraba kuɗin a shekaru daban-daban.