Sudan: Abin da ya kamata a duba kafin a sake buɗe tsofaffin kulob na ƙauyukan Jazira

Tun bayan da sojojin Sudan suka ƙwato Wad Madani a watan Janairun 2025 daga dakarun RSF, jama'a ke ta komawa gidajensu a jihohin Jazira da Sinnar. Cikinsu har da Hausawan gaɓar Shuɗin Kogin Nilu, irin su mutanen Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Ɗaya daga cikin wuraren da ake ɗokin sake buɗewa shi ne “nadi”, wato kulob ɗin gari, inda matasa ke kallon ƙwallo, manya kuma ke yin taro. Sai dai tsohon ginin da ya yi damina a rufe ba ya zama lafiyayye don an shafa masa fenti.

Inda aka yi faɗa, matakin farko shi ne masu aikin kwance nakiya su duba harabar, domin harsashin da bai fashe ba yana iya kwanciya cikin ciyawa ko ɓaraguzai.

Daga nan sai a koma kan tushen gini. Ƙasar Jazira baƙar laka ce, wadda ta sa audugar yankin ta yi suna tun da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925. Tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke ta dare da rani, kamar ta yankin Tafkin Chadi. Wannan motsi na kowace shekara ke ɗaga tushe ya sauke shi. Siririn tsagi a jikin filasta ba abin tsoro ba ne. Amma tsagin da ya taso a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ya ratsa bulo, faɗinsa ya wuce milimita 5, yana buƙatar injiniya. Magina kan manna ɗan siminti a kan tsagin su rubuta kwanan wata. Idan ya sake darewa, ginin bai daina motsi ba. Ruwan da ke kwanciya a gindin bango shi ke ƙara ta'azzara lamarin, don haka gyaran magudana yana gaba da liƙe tsagi.

A sama, a duba katakon rufi ko gara ta ci shi, da tsatsar da ke kewaye da ƙusoshin kwano. Wayoyin lantarki da suka tsufa ko aka yanke a sake su, janareta kuma ya zauna a waje saboda hayaƙinsa na kisa a rufaffen ɗaki. Zauren da ke cika da 'yan kallo yana buƙatar aƙalla ƙofofi biyu masu buɗewa waje, ba a kulle su yayin wasa.

Ragowar aikin na takardu ne. Yawancin “kanabi”, matsugunan 'yan ƙwadagon gonakin Jazira inda Hausawa da dama ke zaune, ba sa cikin tsarin filaye na hukuma, wanda hakan ke wahalar da samun izinin gini. Duk da haka, kwamitin kulob zai iya gayyatar injiniyan ƙaramar hukuma ya rubuta rahoto. Da wannan rahoto ne za a san abin da za a fara kashe wa kuɗin gudummawar jama'a, da ɗakin da ya kamata ya ci gaba da zama a rufe.