Ƙarfi da Gautsi: Tasirin Tsarin Ciki a kan Ƙarfe Mai Ƙarancin Gauraye

Gabatarwa

Hausa ta bambanta tauri da juriya: tangaran yana da tauri, amma gautsinsa ba ya barinsa ya jure faɗuwa. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin nazarin ƙarfe mai ƙarancin gauraye, wato baƙin ƙarfen da aka sanya wa kabon kaɗan tare da ɗan manganis, kuromiyam ko nayobiyam. Wannan maƙala tana bayanin yadda tsarin cikinsa, wanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsa, yake ƙayyade halinsa.

Ƙwayoyi da Siffofinsu

Ƙarfe tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kuma saurin hucewarsa bayan ya sha wuta shi ke tsara siffarsu. Idan ya huce a hankali, akan sami ferait mai laushi haɗe da falait. Idan aka tsoma shi a ruwa yana jawur, kamar yadda maƙera ke yi, sai matinsait ya samu: tauri matuƙa, amma ga gautsi. Saboda haka ake sake ɗumama shi, a sadaukar da ɗan tauri domin a sami juriya.

Illar gautsi ta bayyana a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da wasu jiragen ruwan Amurka samfurin Liberty suka dare biyu a teku mai sanyi. Constance Tipper ta Jami'ar Kambirij ta nuna cewa ƙarfen kansa ne ke komawa mai gautsi idan sanyi ya wuce wani mataki.

Ƙanƙanta Ƙwayoyi

Yawancin hanyoyin ƙara wa ƙarfe ƙarfi, kamar ƙara kabon, suna rage masa juriya. Ƙanƙanta ƙwayoyi kuwa tana ƙara duka biyun. Hall a 1951 da Petch a 1953 sun nuna cewa ƙarfi yana ƙaruwa gwargwadon ƙanƙantar ƙwaya. Dalili shi ne iyakokin ƙwayoyi suna tare zamewar da ke lanƙwasa ƙarfe, suna kuma karkatar da tsaga idan ta taso. Nayobiyam da bai kai kashi 0.1 cikin ɗari ba yana hana ƙwayoyi girma yayin murza ƙarfe da zafi. Ana samunsa daga kolumbait, ma'adinin da ake haƙowa tare da kuza a tsaunukan Jos.

Kammalawa

Ke nan nagartar bututun gas ko gada ba a sinadaran ƙarfen kaɗai take ba. Ta dogara ga yadda aka gasa shi, aka murza shi, aka kuma bar shi ya huce.