Gargaɗi ga masu gonakin da ke karɓar baƙi da makarantun da ke kai musu yara

Duk mai gonar da ke karɓar kuɗin shiga daga 'yan kallo, da duk shugaban makarantar da ke shirin kai ɗalibai gonar kaji, ta kifi ko ta shanu a ƙarshen wannan zango, a dakata a karanta wannan kafin a tada mota. Gonakin nan don kiwo aka gina su, ba don yara ba, kuma da yawansu sun buɗe ƙofa ba tare da sun gyara komai a ciki ba, sai fenti da allon farashi.

Ruwa shi ne na farko. Tafkin kifi da ruwansa ke tsaya wa ma'aikaci a ƙugu yana shanye ɗan shekara huɗu baki ɗaya, ga gansakuka ta sa bakinsa santsi. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu, don haka malamin da ya juya baya yana ɗaukar hoto ba zai ji komai ba. Igiyar da aka zagaya tafki da ita ba shinge ba ce. A sa katanga ko waya mai ƙofar da ake kullewa, a rufe rijiya da ramin sokawe da murfin da yaro ba zai iya ɗagawa ba.

Abin da ya fi ruwa ɓoyuwa shi ne cuta, domin dabbar da ke ɗauke da ita tana iya zama lafiya ƙalau a ido. A 2009, a gonar Godstone da ke Ingila, mutum 93 suka kamu da wata muguwar ƙwayar cuta da ke cikin kashin dabbobi bayan sun kai ziyara. Mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara 10, kuma cutar ta taɓa ƙodar wasu har sai da aka yi musu wankin ƙoda. Hanyar ba ta da wuyar ganewa: yaro ya shafa ɗan akuya ko ya dafa shinge, ya sa yatsa a baki, ko ya ci biskit. Wannan a ƙasar da famfo ke kowane lungu ke nan. Man goge hannu na kwalba ba ya maye gurbin sabulu da ruwa mai gudu, kuma bokiti ɗaya da yara 40 za su tsoma hannu a ciki raba cuta yake yi, ba wanke ta ba. Wurin cin abinci ya yi nesa da garke, kuma kowane yaro ya wanke hannu a gaban babba kafin ya zauna.

Mu ma muna da namu. An fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka ne a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, a Fabrairun 2006, kuma tana ta dawowa tun daga nan. A Yulin 2023 an tabbatar da cutar antaraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, a wata gona a Suleja. Saboda haka kar a shigar da baƙo ɗakin kaji ko kaɗan, a tsaya daga waje a leƙa. Wannan kariya ce ga kajin ma, don takalmin baƙo na kwaso cuta daga wata gona. In kaji sun fara mutuwa, ko dabba ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci ko dubura, a rufe gonar, a kira likitan dabbobi na gwamnati, kar a yanka, kar a feɗe. Kar kuma a ba baƙi madarar da aka tatso yanzu da sunan karramawa sai an tafasa ta, don ta nan bakkale da tarin fuka na shanu ke shiga mutum. Mai juna biyu ta nisanci tumaki da awakin da ke haihuwa.

Maganin ƙwari da na ciyawa a kulle su a ɗaki, mabuɗi a aljihun mutum ɗaya. An saba zuba ragowar Sniper ko maganin feshi a robar lemo, kuma yaro mai jin ƙishi ba ya karanta komai. Rumbun da aka sa wa ƙwayar kashe ƙwarin wake, iskar cikinsa kanta guba ce. Injin casa da na niƙa da tarakta a kashe su muddin baƙi na ciki: belin inji ba ya bambanta buhu da hijabi ko gyale. Ɗaukar yara a bayan tarakta don nishaɗi a daina. Jimina na shuri, raƙumi na cizo, kuma kububuwa na son tarin kara da ciyawa.

In abu ya faru, abin da ake ji shi ne "tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa". Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta wanke mai sakaci, a shari'a ko a kotu. Fiƙihun Malikiyya ya ɗora lamuni a kan mai jan dabba da mai kora ta da mahayinta kan abin da ta taka. Kotunan Najeriya kuma suna karɓar ƙarar sakaci, suna yanke diyya a kan wanda ya gayyato mutane wurinsa bai kare su daga haɗarin da ya sani ba. Kar mai gona ya dogara da allon da ya rubuta cewa kowa ya shiga da kasadar kansa. Yaron firamare bai yi yarjejeniya da kowa ba. Mai inshora ko takaful ya buɗe takardarsa ya duba, domin wadda ta rufe kaji da amfanin gona ba lalle ta rufe baƙon da ya ji rauni ba.

Makaranta ma ba ta fita. Shugaba ya je da ƙafarsa ya zagaya gonar kafin ranar, ya san asibiti mafi kusa da ko yana da maganin dafin maciji, ya tanadi motar da za ta tsaya a wurin. A ƙirga yara a shiga, a ƙirga su a fita, kowane rukuni ƙarami da babbansa. Da halin tsaron da ake ciki, ranar tafiya da sunan gonar ba abin sawa a Facebook ba ne sai an dawo.

Iyaye, kafin ku sa hannu a takardar izini, ku tambayi malam ko tafkin na da shinge da kuma inda yaran za su wanke hannu. In yaro ya dawo ya fara gudawa, musamman mai jini, ko zazzaɓi, ko fitsarinsa ya ragu cikin mako biyu, ku kai shi asibiti a ranar, ku gaya wa likita ya je gona. In kare ya cije shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 sannan a garzaya. Masu gona kuma, wanda bai gama waɗannan gyare-gyare ba, don Allah ya mayar da kuɗin da ya karɓa, ya bar ƙofarsa a rufe har sai ya gama.